Hoto na Biyar a Shagon Baba

Ku da kuke ta aiko min da saƙo kuna cewa zuciyata dutse ce, na karanta duka, na gode. Wata ma cewa ta yi sanyin ƙasar da na yi karatu ne ya shige min ƙirji ya ƙi fita. Wataƙila. Ga abin da ya faru a makon nan, sai ku yanke hukunci da kanku.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: shekarata ashirin da tara. Bakwai daga ciki a waje na yi su, na karanci ɗaukar hoto, na dawo gida wata huɗu da suka wuce. A gidanmu Baƙuwa ake ce min. Umma ce ta laƙaba min, tun ranar da na tambaye ta inda ake ajiye cokula a kicin ɗin da na girma a cikinsa. Sana'ata ɗaukar hoton ɗakuna: otal, ofis, gidan haya. Kamfanin da na yi wa aiki a can sun aiko min da takarda, suna so in koma, aiki na dindindin. Sun ba ni zuwa ranar Alhamis, ƙarfe goma sha biyu na rana, in ce e ko a'a. Na riga na rubuta e ɗin. Yana cikin wayata, dannawa kawai ya rage.

Umma ta sani. Baba ban gaya masa ba.

Makamin Umma guda ɗaya ne: Mai Makulli. Shagonsa na yankan makulli yana manne da shagon Baba na gyaran agogo, bango ɗaya ya raba su. Shekararsa talatin da biyar, dogo, ba ya sauri a tafiya, ba ya sauri a magana. Sau biyu a mako yake rako Baba gida, Umma ta tura ni in kai masa ruwa, kamar ba kowa a gidan mai ƙafa sai ni.

Ranar Litinin da safe ta shigo ɗakina da wanki a hannu, ta tarar da akwatina a buɗe a kan gado. Ta zauna a gefensa, ta zaro baƙar rigar sanyina ta ɗaga da yatsu biyu.

"Wannan bargon za ki koma sawa?"

"Riga ce, Umma."

"Riga. To." Ta ajiye. "Ke dai ba ki da kaya mai launi? Baƙi, toka, baƙi, toka. Wanda bai sani ba sai ya ce wani ne ya mutu."

"Baƙi ba ya fitowa a gilashi idan ina aiki."

"Komai aiki. Jiya yaron nan ya zauna a falo minti arba'in, kalma nawa kika ce masa?"

"Na ce sannu. Na ce ga ruwa."

"Allah ya saka miki." Ta ninke ɗankwalina, ta warware, ta sake ninkewa. "Me ya rasa?"

"Ban ce ya rasa komai ba. Na san dai me ya sa kike turo min shi. So kike ki ɗaure min ƙafa."

Ban ga ta ji haushi ba. Kallona kawai ta yi, irin kallon da take yi wa madara a kan wuta.

"Baƙuwa," ta ce, "karatunki ya koya miki gani, ban ce bai koya miki ba. Amma akwai saura."

Na ɗauka baƙar magana ce irin tata. Na ci gaba da shirya akwati.

Da yamma Baba ya dawo muna falo, rana tana shigowa ta taga ta kwanta a kan kafet. Baba mutum ne da ba ya son hoto. Ko na katin shaida da ƙyar ake samunsa, fuska a ɗaure kamar an kai shi ƙara. Tun da na dawo na lura da wasu sababbin halaye a tare da shi. Umma ce take ɓalla masa maɓallin hannun riga. Shayinsa rabin kofi take zuba masa. In ya zauna, hannunsa na dama yana cikin aljihu, ko ya danne shi a ƙarƙashin cinya. Na ce a raina tsufa ne da shagwaɓa, mutum ya samu mata mai lallaɓa shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ina gyara hotunan wani otal a kwamfuta, ya leƙo.

"Wannan ɗakin, ya aka yi ana ganin gado, ana kuma ganin itatuwan waje ta taga? Ni duk hoton da na sani, in ɗaki ya fito, taga fari fat take zama."

Ban taɓa jin ya tambayi aikina ba. Na juya masa kwamfutar.

"Idonka ya fi kyamara, Baba. Kai kana ganin cikin falon nan da abin da ke waje a lokaci ɗaya. Ita sai ta zaɓa. In ta kula da taga, ɗaki ya zama duhu. In ta kula da ɗaki, taga ta ƙone. Shi ya sa ba hoto ɗaya nake ɗauka ba, biyar nake ɗauka a jere daga wuri ɗaya. Na farko mai duhu sosai, saboda taga. Na uku matsakaici. Na biyar mai haske sosai, saboda lunguna. Sai in haɗa su a kwamfuta, in ɗauki mai kyau daga kowanne. HDR ake ce masa."

"Biyar su zama ɗaya."

"E. Sharaɗin kawai kada komai ya motsa tsakanin na farko da na biyar. Abin da ya motsa zai fito biyu-biyu, uku-uku. Mu fatalwa muke ce masa."

Ya matso da fuskarsa kusa da allon. Umma tana juya shayi, cokali yana ƙara a jikin kofi.

"Komai take nunawa? Har abin da ke cikin duhu?"

"Har shi."

"To gobe ki zo shago ki ɗauke ni."

Ƙarar cokalin ta tsaya. Umma ta dube shi, shi kuma ya dubi taga. Ni ban kawo komai a raina ba sai murna, zan tafi da hotonsa.

Bayan awa ɗaya saƙo ya shigo. Mai Makulli yana rubuta saƙo da waƙafi da aya, kamar mai cike takardar neman aiki.

"Barka da yamma, Malama Baƙuwa. Baba ya ce gobe za ki zo. In share yanar gizo-gizo, ko ita ma tana cikin fasaha?"

"Ka bar ta."

"An gama, ranki ya daɗe. Zan gaya wa gizo-gizon ya sa kaya masu kyau."

Ban amsa ba. Murmushi na yi, na kuma ji haushin kaina.

Talata, ƙarfe goma. Shagon Baba dogo ne, siriri, kamar cikin akwati. Ƙofa ɗaya ake gani, ba taga. Agogunan bango sun kai arba'in, na katako, na roba, masu lilo. Teburinsa yana tsakiya a jikin bango, da fitila mai lanƙwasa wuya, da ƙananan aljihunan tebur cike da sukurori da ba su kai ƙwayar gishiri ba. A bakin ƙofa rana kamar ta fasa ido, a ƙarƙashin tebur duhu kamar rijiya. Irin wurin da aka ƙirƙiro HDR dominsa kenan.

Na kafa ƙafa-uku a ƙuryar shagon, ina fuskantar ƙofa, Baba a tsakani. Masu tambayata yadda ake yi, ku buɗe kunne, sau ɗaya zan faɗa. Ƙafa-uku dole ne, hannu ba ya iya riƙe kyamara wuri ɗaya sau biyar. Faɗin idon kyamara ku tsayar da shi, kada ya canja, in ya canja zurfin hoton zai bambanta, haɗin ya ƙi. Abin da za ku riƙa canjawa shi ne tsawon lokacin da idon yake buɗe. Ku saita inda hoton zai yi kaifi da hannunku, ku kulle. Kada ku taɓa kyamara, ku yi amfani da rimot. Ku duba na farko, ku tabbata wuri mafi haske bai ƙone ba. Ku duba na ƙarshe, ku tabbata wuri mafi duhu ya buɗe. In uku sun isa, kada ku yi biyar don burgewa. A shagon Baba uku ba za su isa ba.

Mai Makulli yana jingine da bango, da farar riga mai guga, da filasta a babban yatsa. Baba ya sa shuɗiyar rigar aikinsa mai faɗin hannu, ya maƙala gilashin ido ɗaya, ya ɗauki ɗan hantsaki, ya sunkuya a kan wani agogon hannu a buɗe.

"Haka nake so. Kada ka motsa, Baba. Na ƙarshen daƙiƙa biyu ne."

Na danna. Kyamara ta ƙirga biyar, kowane ya fi na baya tsawo. Na matso da hoton a ɗan allon baya. Hannun Baba na dama ya yi hazo.

"Malam, kashe injinka, yana girgiza ƙasa."

"A kashe yake tun kafin ki shigo, ranki ya daɗe."

"To mota ce ta wuce. Mu sake."

Muka sake. Hazo.

"Baba, ka motsa."

"Na motsa?"

"Hannunka. Ka tsayar da shi kawai."

Karo na uku ma haka. Zufa ta fara min, rana tana matsawa, hasken da na auna yana canjawa. A can inda na yi aiki, in abu ya lalace sau uku, murya ake ɗagawa. Halin ya biyo ni.

"Haba Baba, daƙiƙa biyu fa. Na ɗauki yara 'yan shekara biyar sun tsaya fiye da haka."

Agogo arba'in suna tafiya, ban da su ba ka jin komai. Baba bai ɗago ba. Na ga wuyansa ya yi tauri.

Mai Makulli ya taso a hankali.

"Na gano matsalar. Wayar fitilar nan ce take lilo, inuwarta take faɗa wa hannun. Bari in tsuguna ta can baya in riƙe ta. Ba zan fito ba, ko?"

Ya zagaya ta gefen ƙofa, ya tsuguna a bayan aljihunan teburin, ya ɓace cikin duhu. Na san inuwar waya ba ta yin haka. Na san da kyau. Amma ina sauri, na ce a gwada.

Na danna. Biyar. Na matso da hoton. Hannun ya fito tsaf, har jijiyoyi.

"Yauwa. Kun gani? Ba wuya."

"Ba wuya," in ji Baba.

Na naɗe kayana na tafi ina jin kaina gwana.

Bayan azahar na rufe ɗakina, na ja labule, na zuba hotunan a kwamfuta. Al'adata ce in fara da waɗanda suka lalace, don in san kuskurena. Na haɗa biyar ɗin farko. Manhaja ta yi aikinta, hoton ya fito.

Shagon ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Titin waje da mai keke yana wucewa, katakon agogunan, ƙurar kan fitila, duk suna nan. Allurar daƙiƙa ta kowane agogo ta fito sau biyar, wannan ba laifi, aikinta tafiya. Gemun Baba ana iya ƙirga gashinsa. Gilashin idonsa tsaf. Hannun hagu tsaf. Hannun dama kuwa uku ne, ɗaya a kan ɗaya, hantsakin ya zama kamar mafici.

Da ƙasa ce ta girgiza, da komai ya yi hazo. Da Baba ne ya gyara zama, da kafaɗa ta motsa, da kai ya motsa. Ba abin da ya motsa sai hannu ɗaya, daga wuyan hannu zuwa yatsu. Na buɗe zubi na biyu. Haka. Na uku. Haka, har ya fi.

Na buɗe zubin ƙarshe, mai kyau ɗin. Na ware hoto na biyar shi kaɗai. Wannan hoton ba a kallonsa don kyau, ƙofa ta ƙone, fuskar Baba ta yi fari, amfaninsa kawai lunguna. A ƙarƙashin tebur, inda idona bai ga komai ba da safe, komai ya fito: tsohon takalmi, gwangwanin mai, da wayar fitila tana rataye, ba mai riƙe da ita. Sama kaɗan, ta ƙarƙashin faɗin hannun shuɗiyar riga, wani hannu ya fito ya kama damtsen Baba kusa da wuyan hannu, ya danne shi a bakin tebur. Da filasta a babban yatsa.

Riƙon ba na wanda ya fara yau ba ne. Ya san inda zai sa kowane yatsa.

Ban yi kuka ba, kada ku ƙara min. Na zauna ina kallon filastar. Rabin kofin shayi ya dawo min, da maɓallin riga, da aljihu. Sai maganar yara 'yan shekara biyar. Ita ce ta fi daɗewa.

Na ɗauki kwamfutar na kai wa Umma kicin. Tana yanka albasa. Ta duba, ta goge hannu a zani, ta zauna a kan kujerar roba.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu da wani abu."

"An je asibiti?"

"Ana zuwa duk wata. Magani yana rage shi, ba ya korar shi. Likita ya ce a hankali zai riƙa ƙaruwa."

"Kullum muna waya, Umma. Kullum."

"Babanki ya ce duk wanda ya gaya miki, shi da shi. Ya ce bai tura ki karatu don ki dawo ki zama mai riƙe masa kofi ba." Ta ja hanci, ta ce albasa ce. "Ke kina ganin ina son tallar 'yata ne kamar kayan gwanjo? Ƙofa ɗaya aka rufe min, na bi ta taga. Na ce in yaron nan ya shiga ranki, kin zauna, ban karya alkawari ba."

"Da bai shiga ba fa?"

Ta ɗago. "Da? To. Alhamdulillahi."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na ji. Miƙo min wuƙar."

Laraba da safe, kafin Baba ya fita, na je shagon Mai Makulli. Yana jera makullai a ƙugiya. Na ajiye wayata a kan kantarsa, hoton na biyar a buɗe. Ya daɗe yana kallo.

"Kin ce ba zan fito ba."

"Kai ka ce. Ni ban amsa ba."

"Gaskiya ne." Ya sosa ƙeya. "Yatsan nan bai yi kyau a hoto ba."

"Malam, ba wasa na zo ba."

Ya ajiye makullan. Ya nuna min wata 'yar ƙofa a bayan labule, wadda ta haɗa shagunan biyu.

"In mai agogo ya zo, Baba ne yake karɓa. Ya kara a kunne, ya buɗe, ya faɗi ciwon. Bai taɓa kuskure ba. In mutumin ya tafi, sai ya buga bango sau biyu, in shigo ta nan. Manyan ayyuka in riƙe masa hannu ya yi da kansa. Ƙananan, shi ido, ni yatsu. Yana faɗa, ina yi, yana zagina. Ya ce hannuna na maƙeri ne."

"Masu kawo gyara sun sani?"

"Me za su sani? Agogonsu yana tafiya daidai."

"Shi ya sa kake zuwa gidanmu."

"Ranakun da ya fi tsanani nake rako shi, saboda matakala." Ya dube ni. "Daga baya dalilin ya zama biyu. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Na kalli makullan, sun fi sauƙin kallo.

"Na san zancen Alhamis," ya ce. "Umma ta faɗa min. In za ki tafi, ki tafi da zuciya ɗaya. Ina nan, bangon nan ba inda za shi. Tun kafin in san kamanninki nake riƙe hannun nan, ba don a ba ni ke ba ne. Kada ki zauna don kina jin nauyina. Ba na son matar da za ta riƙa kallona kamar asibiti."

"Wa ya ce maka zan zama matarka?"

"Ba kowa. Misali nake bayarwa."

Daga nan na wuce wajen mai buga hotuna. Guda biyu na buga, manya. Na farko daga zubin ƙarshe, na mayar da duhu ƙarƙashin tebur yadda hannun mai filasta ya ɓace. Wannan ma darasi ne: ba kowace inuwa ake buɗewa ba. Masu koyo suna ja har hoto ya zama kamar zanen bango, haske ya yi wa komai rawani, ba duhu ko kaɗan. Hoton da ba inuwa ƙarya ne. Na biyu daga zubin farko. Manhajar tana da wurin da za ka danna ta goge fatalwa, ta zaɓi hannu ɗaya daga hoto ɗaya ta watsar da sauran. Ban danna ba.

Alhamis, sha ɗaya da rabi, na shiga shagon Baba da ambulan. Farar doguwar riga na sa da mayafi ruwan ƙasa, Umma ta bi ni da kallo har ƙofa. Ba kowa a shagon sai shi. Na ajiye mai kyau ɗin a gabansa.

Ya cire gilashin ido ɗaya, ya sa tabarau.

"Wannan mutumin ya iya aiki," ya ce. "Ina ɗayan?"

"Wane ɗaya?"

"Baƙuwa, ambulan ɗin bai kwanta ba."

Na zaro na ba shi. Ya karɓa da hannun dama, a gabana, bai ɓoye ba. Takardar tana kaɗawa kamar ganye. Ya kalli hannuwansa uku.

"Ashe haka yake daga waje."

"Baba, maganar da na yi ranar nan..."

"Bar ta. Ni na kira ki. Wata huɗu ina neman bakin da zan gaya miki, ban samu ba. Da kika ce na'urarki tana nuna komai, na ce to, ta faɗa a madadina. Da kika fara faɗa kuma sai kunya ta kama ni, yaron nan ya gani ya rufa min asiri." Ya ajiye hoton. "Mai hannu ukun nan za a rataya. Mai kyau ɗin ki tafi da shi can, ki nuna musu ubanki."

"Umma ta gaya maka."

"Uwarki ba ta iya riƙe sirri biyu a lokaci ɗaya. Nawa ta riƙe, naki ya zube." Ya dubi bango. "Saura minti goma sha takwas. Na nuna miki ne don kada wata rana ki ji a waya ki ce an yaudare ki. Ban nuna miki don ki zauna ba. Ki tura wa kamfanin amsarki."

Wayar tana cikin jakata. Na ji nauyinta.

A kan teburin akwai agogon mata, ƙarami, a buɗe, da sukuru ɗaya a gefensa a kan farin ƙyalle. Baba ya ɗaga hannun hagu zai buga bango. Na riga shi, na ja kujera na zauna a damansa.

"A ina yake riƙewa?"

"Ke..."

"Nan?"

"Ƙasa kaɗan. Kada ki matse, ba akuya kika kama ba. Ki danne a bakin tebur. Ɗaya hannun a gwiwar hannu."

Na riƙe. Ban taɓa sanin rawar tana da ƙarfi haka ba, kamar tsuntsu a cikin riga. A hankali ta lafa a ƙarƙashin tafina. Ya mayar da gilashinsa, ya ɗauki hantsaki. Sukurun ya faɗi. Ya ɗauka. Ya sake faɗuwa.

"Lokaci yana tafiya, Baƙuwa. Sake ni ki ɗauki wayarki."

"Baba, ka nutsu, zai sake faɗuwa."

"Ni kike ce wa in nutsu a kan teburina?"

"Daƙiƙa biyu ne kawai."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Sukurun ya shiga raminsa. Ya ɗauki ɗan sukundireba ya fara juyawa, rabi-rabi, numfashinsa a riƙe. Yana cikin haka agogunan suka fara. Na katakon kusa da ƙofa ne ya riga, sauran suka bi, masu ƙararrawa, masu kukan tsuntsu, sha biyu, sha biyu, shagon ya cika. Hannuwana biyu suna kan hannunsa. Kada wata ta rubuto min cewa sadaukarwa ce ko ƙaddara. Da na so, da na saki. Ban saki ba.

Da suka yi shiru ya kara ƙaramin agogon a kunne. Ya daɗe. Ya miƙo min, na ji yana tafiya.

"Taurin kai," ya ce. "Ban san inda kika samo shi ba."

"Ni ma."

"Hannunki ya fi na maƙerin can. Kada ki gaya masa."

Daga bayan bango aka ce, "Na ji, Baba."

Da na koma gida na goge e ɗin, na rubuta wa kamfanin layi uku na godiya da ban haƙuri, na tura. Na mayar da baƙar rigar sanyi cikin kabad. Umma ta leƙo, ta ga akwatin a saman kabad ɗin, ta ce yau cokulan suna aljihu na biyu, ko zan so in sani.

La'asar ta yi saƙo ya shigo, da waƙafinsa da ayarsa.

"Barka da yamma. Umma ta ce in kawo mahaifiyata su gaisa ranar Asabar. Na ce mata sai na tambaye ki tukun, kuma in kin ce a'a, gobe ma zan buɗe 'yar ƙofar nan kamar kullum. Ga shi na tambaya."

Na karanta sau biyar. Na rubuta amsa, kalma ɗaya ce. Tana cikin wayata yanzu haka da nake muku wannan rubutun, dannawa kawai ya rage.